Ranar da Aka Yanke Anti Cigiya

Anti Cigiya kowa ke ce mata, har mijinta in ya so tsokana. Tun tana budurwa take aiki a ƙaramar tashar rediyon gwamnati, ɗaki biyu da fanka mai ƙara, tana sanar da abin da ya ɓata. Akuya ce, yaro ne, tsohuwa ce da ta fita ba ta dawo ba. Ba ta taɓa karantawa a gurguje ba. Sai ta faɗi launin riga, ta faɗi tabon goshi, ta maimaita, don a cewarta mai sauraro wanke-wanke yake yi, ba zaman jiranta yake ba.

Kwatsam manya a babbar tasha suka fito da sabon tsari. Wai tashoshin jihar a raba musu aiki, wannan labarai, waccan kiɗa zalla. Tasu ta faɗa a ta kiɗa. Ɗan gutsuren lokaci aka yaga mata da hantsi, yana cika kuwa inji zai haɗa su da babbar tasha da kansa, ko atishawa kake ba zai jira ka gama ba. Ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Manaja ya ce, "Anti, daga sama ne." Mutanen da ko kaza ba ta taɓa ɓace musu ba!

Ran nan wani tela ya faɗo tashar a birkice, zare manne a rigarsa. Mahaifinsa, wanda tsufa ya taɓa wa hankali, ya fita tun jiya. Lokacinta ya kusa ƙarewa. Ta tsayar da shi bayan gilashin ɗakin watsa shiri, ta fara kamar yadda ta saba: dattijo ne dogo, da shuɗiyar riga, yana ɗingishi. Ba ta kai ga sunansa ba, balle inda za a kai shi, jar fitilar da ke nuna ana jin ta a gari ta mutu. Gangar babbar tasha ta ɓarke a kunnenta.

Ta fito cike da takaici. Telan bai san abin da fitilar ke nufi ba, sai murna yake.

"Allah ya saka, Anti! Yanzu kowa ya ji ko?"

Manaja ya sunkuyar da kai, ya fara sulalewa. Ta tare ƙofa.

"Ina za ka, ranka ya daɗe? Tsaya ka gaya masa da bakinka. Ce masa ubansa ya jira gobe da hantsi."