Ranar da Aka Goge Fuskar Babana

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Alƙahira, har lambar gidan da na shekara huɗu a cikinsa a unguwar Faisal, amma ranar da aka goge fuskar babana ba za ta taɓa fita daga raina ba. Har yau in na tuna sai na ji zuciyata tana tafasa.

Lokacin ina karatu a jami'a a Giza, zane kuma shi ne hutuna. Da fentin mai nake yi, irin wanda yake kwanaki bai bushe ba. Sai Baba ya zo asibiti daga Gusau. Da likita ya sallame shi, ya ce abu ɗaya yake so kafin ya koma gida, ya ga teku. Muka hau jirgin ƙasa da sassafe zuwa Iskandariyya.

Baba ba ya yarda a ɗauke shi hoto. In ban da na fasfo, wanda ya fito kamar an kama shi da laifi, ba mu da ko ɗaya. Amma da na kafa allon zanena a bakin ruwa, sai ya naɗe ƙafar wando, ya ja kujerar roba ya zauna a gabana, ya ce, "Zana ruwanki. In na faɗo a ciki, ba ruwana."

Na sha wahala ranar. Iska tana neman kifar da allon, yashi yana manne wa fenti, ruwan kuma ina haɗa shuɗi yana komawa kore. Can igiyar ruwa ta taso ta ɗauke masa takalmi ɗaya. Baba ya tuntsire da dariya, hula ta karkace, giɓinsa a waje. Nan take na kama wannan fuskar a kan allon, ban ma san yadda na yi ba.

Da muka dawo na jingine zanen a falo don ya sha iska. Kwana biyu bayan nan na raka Baba filin jirgi. Ina shigowa gida da la'asar na ga teku yana nan, kujera tana nan, babbar riga tana nan, amma daga wuya zuwa sama babu komai sai dabbaren toka-toka.

Wadda muke haya tare, ɗalibar shari'a ce da ta girme ni, ta fito daga kicin tana goge hannu, tana murmushi.

"Malama, wa ya taɓa min zane?"

"Ni ce, ƙanwata. Ai mala'ikun rahama ba sa shiga gida mai sura. Kan kawai na cire, sauran ban taɓa ba. Tamam, shi ke nan, yanzu ya halatta."

Da tsummana da man wanke burushina ta yi aikin. Na ce, "Kan babana ne fa! Ba ki da baki ne? Da kin ce in fitar da shi, wallahi da a kaina zan ɗauke shi in bar miki gidan!"

Ta ce, "Ma'alish, ai sai ki sake wani."

Wannan ma'alish ɗin, wato "yi haƙuri" ta Misirawa, ta fi gogewar ƙona min rai. Ita ake faɗa wa wanda aka taka a motar haya. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi wa kowa ba, har maƙwabta suka leƙo. Ban yi musu da iliminta ba, ta fi ni sani nesa ba kusa ba. Abin da ya ci min rai shi ne kwana biyu muna cin abinci a kwano ɗaya, zanen yana gabanmu, ba ta ce uffan ba, sai da na juya baya.

Sau huɗu ina gwada mayar da fuskar. Kullum sai wani tsoho daban ya fito, mai kama da Baba amma ba shi ba. Kafin in je hutu Allah ya yi masa rasuwa. Abokiyar hayata ta zo min gaisuwa tana kuka, na amsa, na kuma yafe, amma ban daina jin haushi ba, ba zan yi ƙarya ba.

Abin da na koya shi ne, komai kyan niyyarka, komai ƙarfin hujjarka, ka fara da baki kafin ka kai hannu kan abin wani. Abin da ka gani a matsayin kuskure, wataƙila shi kaɗai ne abin da ya rage masa.