Ranar da Buba Hayaƙi Ya Hau Mai Batir

Duk wanda ya taɓa aiki a siton hatsin nan na kan hanyar Karaye zuwa Rogo ya san yadda Buba Hayaƙi yake karya kumallo. Da sassafe zai iso daga Kurugu a kan kekensa, da kwanon tuwon jiya ɗaure a ƙyalle. Ba ya gaisawa da kowa sai ya fara zuwa wajen motarsa, fokilif ɗin nan mai haƙora biyu da ake ɗaga buhuna da ita, wadda ya raɗa wa suna Gwaggo. Ya dafa ta, ya sunkuya: "Gwaggo, an tashi lafiya? Ya gajiyar jiya? Ya ƙafar?" Sannan ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta yi kaki, ta turnuƙe siton da baƙin hayaƙi, shi kuma ya ɗora kwanonsa a jikin inji. Kafin in gama share sikeli ɗumame ya yi zafi.

Ni ne mai awo a siton, kuma taubashinsa ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Saboda haka abin da wani ba zai iya faɗa masa ba, ni faɗa nake yi in ƙara da gishiri. Na taɓa ɗanɗanar ɗumamen nan. Wallahi miyar kuka ce, amma warin man gas ya fi na daddawa yawa.

Na ce, "Buba, wannan ai guba ce kake ci."

Ya ce, "Kai da ka saba da lami, ina za ka san daɗin girkin Gwaggo?"

Mutumin nan ya fi kowa tsumulmular mai, kuma man ba nasa ba, na kamfani. Wata rana iska ta ɗaga kwanon rufi a bakin ƙofar sito. Ba tsani a kusa, sai ya ce in tsaya a kan katakon da ake jera buhuna, ya ɗaga ni. Na hau, ya kai ni har ƙololuwa. Ina cikin buga ƙusa aka kira la'asar. Sai na ji inji ya yi tsit. Na leƙa ƙasa, ga Buba ya ɗauki butarsa yana tafiya.

Na ce, "Kai! Sauke ni mana!"

Ya ce, "Ai na riga na kashe ta. Tayarwa sau biyu ɓarnar mai ce. Bari in dawo."

"To ni sallar fa?"

"Yi a nan. Ka ma fi mu kusa, addu'arka za ta riga tamu isa."

Haka na zauna a sama ina riƙe da guduma, 'yan dako suna wucewa suna ce min barka da hutawa. Daga baya na gane ba ruwan saukewa da mai, sanda ɗaya zai ja in sauko. Mugunta ce kawai irin ta taubashi.

To amma maganar da nake so in tuna muku ita ce tasa da ɗansa Isiyaku. Kun san Buba jikan masu shanu ne, kunyar ɗan fari a jininsa take, sai dai shi ya kai ta inda ko kakanninsa ba su kai ba. Tun ranar suna bai taɓa furta sunan yaron ba. Bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa cin abinci a gabansa ba. In an tambaye shi ɗansa ne, sai ya kau da kai ya ce, "Na mutanen gidanmu ne." Yaro ya girma, ya tafi Kano ya karanto aikin lantarki, ya yi aure, ya dawo, mai kamfani ya ɗauke shi ya ba shi kula da injinan siton gaba ɗaya. Uban na ƙarƙashinsa ke nan. Ai kuwa ni na shiga uku, don ni na zama waya a tsakaninsu. Suna tsaye kafaɗa da kafaɗa Buba zai juyo gare ni: "Gaya wa wancan yaron Gwaggo na son sabon bel." Isiyaku ya ce, "Baffa, ka ce masa gobe za a kawo." Ni kuma in juya in faɗa, kamar ba su ji juna ba.

Da man gas ya yi tsadar da ya yi, Isiyaku ya shawo kan mai kamfani aka shimfiɗa farantan sola a rufin sito, aka ce duk motocin ɗaga kaya za a canza su da masu batir. Sauran direbobin har da rawa, don hayaƙi ya ishe su. Ranar da aka sauke sababbin, Buba ya zagaye ɗaya daga ciki, ya leƙa gaba, ya leƙa baya, ya durƙusa ya leƙa ƙasa.

Ya ce, "Ina salansar?"

Na ce, "Ba ta da ita."

"To ta ina take numfashi?"

Washegari ya gwada ta da jarrabawar da ya fi yarda da ita: ya ɗora mata kwanon tuwonsa. Aka yi ta aiki da ita har hantsi, ya dawo ya taɓa kwano, sanyi ƙalau. Ya ɗauke abinsa yana girgiza kai, ya ce, "Abin da ba ya tari, ba ya gumi, ba shi da rai." Yana cikin maganar wani direba ya silalo da tasa ta bayansa, ba ƙara ba komai, sai da haƙoran suka kusa taɓa rigarsa. Buba ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

Ya ce, "Innalillahi! Abu ya shigo wa mutane ba sallama? Wannan ba mota ba ce, munafuka ce!"

Daga ranar ya rantse ba zai hau ba. Aka kwashe sauran tsofaffin, Gwaggo kaɗai ta rage tana turnuƙe mu. Mai kamfani ya yi haƙuri har kaka ta gabato, sannan ya yanke magana: kafin masara ta fara shigowa Gwaggo za ta tafi, direban da bai hau mai batir ba kuma ya bi ta. Wanda zai sallame shi kuwa shi ne mai kula da injina.

Isiyaku ya same ni a gindin sikeli, idonsa ya yi ja. Ya ce, "Baffa, ya zan yi? Ni in kori Baba? Wallahi rabin abin da ya sa na dage a kan motocin nan tarinsa ne, likita ya ce hayaƙin ke cin ƙirjinsa. Amma shi gani yake raina shi na yi." Sannan ya ce, "Na san al'ada ce, Baffa. Amma wani lokaci sai in ce anya mutumin nan ma yana so na?" Maganar nan ta tsaya min a rai.

Lallashi ba ya cin Buba, wannan na sani tun muna yara. Don haka na bari sai da 'yan dako suka taru cin abincin rana, na ɗaga murya: "Ku ƙyale shi, jama'a. Ba ƙi ya yi ba, tsoro yake ji. Jikan masu sanda, amma batir ya kore shi."

Ya ajiye cokali. "Wa ke jin tsoro?"

"Wanda hularsa ta faɗi."

Bai ƙarasa abincin ba. Ya miƙe ya haye mai batir yana huci, ya ce da ni, "Tambayi wancan yaron ina ake murɗawa."

Yanzu sai in tuna muku wani abu. Duk shekarun da Buba ya yi a kan Gwaggo, bakinsa ba ya hutawa. Muna ganin laɓɓansa na motsi, jijiyar wuyansa na tashi, amma ƙarar inji ba ta bari a ji ko kalma ɗaya. 'Yan dako sun ce zaginsu yake. Ni kuwa na tabbata ni yake tsine wa.

Da farko ya tuƙa ta a hankali, baki gum, fuska a murtuke kamar an ba shi maɗaci. Sai ga tirela ta shigo ɗaukar waken suya, direbanta na gaggawa. Aiki ya yi zafi. Ya ɗauko, ya kai, ya juyo, ya ɗauko. Hannu ya saba, jiki ya saki, Buba ya manta a kan me yake. Sai kawai muka ji murya ta cika siton, irin muryar da aka saba gasa da inji:

"Allah Ka yi wa Isiyakuna albarka! Isiyaku ɗan Buba, zakaran gidana! Allah Ka tsare min shi daga bakin mutane! Ya fi ubansa, Allah Ka ƙara fifita shi! Allah kada Ka nuna min ranar da zai yi kuka!"

Jama'a! Mai buhu a ka ya tsaya da buhunsa. Ni awon da nake yi ya ɓace min. Isiyaku na tsaye a bakin ƙofa da wayar caji a hannu, ya ƙame. Shi kuwa gogan naka ya zagayo zai sake ɗauka, yana ta zuba, sai ya ga idanu sun yi masa caa. Ya taka birki. Ya dube mu, ya dubi motar.

Ya ce, "Wa ya kashe injin?"

Na ce, "Ai tun ɗazu a kunne take, Buba."

Ya gyara hula. Ya ce, "Ba wannan Isiyakun nake nufi ba. Wani ne, a Rogo Ruma."

Siton ya kece da dariya, har direban tirela da bai san kan zancen ba. Ni ma na yi, amma ban kai ƙarshenta ba, don na hango Isiyaku ya zagaya bayan tarin buhuna ya toshe baki da hannun riga. Ashe duk hayaƙin nan da muka sha, abin da ke cikinsa ke nan.

Buba bai sake komawa kan Gwaggo ba. Ranar da 'yan gwangwan masu sayen tsohon ƙarfe suka zo ɗaukarta ya ce yana da ta'aziyya a Yola, ya ƙi zuwa aiki. Ya ci gaba da tuƙa mai batir, yana zaginta kullum, kuma har ya bar duniya bai fasa ce min in gaya wa wancan yaron ba. Laɓɓan dai sun ci gaba da motsi, sai dai a hankali, mu kuma muka koyi kau da kai. Damina biyu ya ƙara, sannan ƙirjin ya kwantar da shi, don gyaran ya zo a makare.

A wajen zaman makoki, da mutane suka ɗan ragu, Isiyaku ya matso kusa da ni a kan tabarma. Ya ce, "Baffa, na kawo motocin nan don in ƙara masa kwana, ban samu ba. Amma da ban kawo su ba, da na binne shi ban taɓa jin sunana a bakinsa ba."

Na yi kewarka, taubashi, kewar da ban zata ba. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Addu'ar da ka yi shekaru kana yi wa ɗanka a ɓoye, Wanda ka yi dominsa Ya ji ta tun ranar farko. Yanzu yaron ne ke yi maka, da sunanka, bayan kowace salla. Allah Ya karɓa.