Hajo Mai Farar Ƙasa

A ƙauyukan gefen Beli, da wuya ka ga ɗakin amarya fari tas ba Hajo ce ta shafe shi ba. Tun tana budurwa take ɗebo farar ƙasa a wani rami da ke gindin rusasshiyar ganuwar kufai, inda kakannin mutanen garinsu suka zauna kafin gari ya koma bakin hanya. Kaburburansu na nan ciki, ƙarƙashin wata tsohuwar kuka. Da mijinta ya rasu, da wannan sana'a ta raini ɗanta tilo, Sagiru, har ya girma ya kama acaɓa a Rogo.

Wata kaka, ana cikin cirar gyaɗa, wasu ma'aikata suka zo da injin haƙa. Shugabansu, Injiniya Lurwanu, ya ga farin bangon zauren dagaci, ya tambayi inda ake samo ƙasar. Aka kira Hajo. Ta kai su har bakin ramin da murnarta, a zatonta masu saye ne.

Sagiru ne ya fahimtar da ita.

"Inna, dutsen da ake siminti da shi suke nema. In akwai da yawa, kamfani zai zo, mu ma mu samu aiki."

"A kan kabarin kakanninka?"

Ya sunkuyar da kai.

Washegari ta tafi gindin kukar ta shimfiɗa tabarma ta zauna. Lurwanu ya zo ya durƙusa, suka gaisa.

"Iya, aunawa kawai muke yi, ba mu fara komai ba."

"Ɗan nan, ni na kawo ku. Ku auna daga waje. A ciki mutane ne kwance."

Ya daɗe yana kallon tudun kaburburan, sannan ya sa aka janye injin zuwa bayan ganuwa.

Sai da damina ta kusa dagaci ya tara mutane ya ce sakamako ya fito: dutse akwai, amma bai kai a kafa kamfani dominsa ba. Hajo ta yi hamdala a fili. Samari kuwa, masu sa ran samun aiki, suka watse rai a ɓace.

Kafin shuka Sagiru ya tafi Kano neman aiki. Ta raka shi tashar Rogo, ta cusa masa ƙullin ƙuliƙuli a jaka. A hanyar dawowa maƙwabciyarta Saude ta tambaye ta ko hankalinta ya kwanta yanzu.

"Ya kwanta," in ji Hajo, tana share ido da gefen mayafi. "Gidan ne dai zai yi mini girma."