Mai Faɗin Ruwa Ta Je Zurmi

Ƙarfe shida da kwata na safiyar Laraba abubuwa suka fara karkacewa. Ina tsaye a tashar Kaura Namoda da jakata a kafaɗa, sai abokin aikina ya kira daga Gusau ya ce ba zai zo ba. Mahaifiyarsa ta ji sunayen garuruwan da za mu, ta ce ba da ɗanta ba. Ban ga laifinta ba, amma shi ne mai bakin. Yadda muka tsara, shi zai yi wa manoma tambayoyi, ni kuma in riƙe na'urar ɗaukar murya in yi shiru, aikin da na fi ƙwarewa a kai tun ina firamare.

Bari in faɗi abin da ya fito da mu. Ina shekarar ƙarshe a jami'a, ina karanta labarin ƙasa, a hutu kuma ina aiki da wani ƙaramin kamfani na matasa. Kamfanin yana sayen hotunan da tauraron ɗan Adam ke ɗauka, yana duba yadda ruwa ke taruwa a saman gulbi, in ya ga ambaliya na tafe sai ya tura saƙon murya zuwa wayoyin masu noman fadama. Da tallafin bincike na gwamnati aka fara aikin, yanzu wa'adin tallafin ya zo ƙarshe. Kwamitin da zai sabunta shi ya ce ba ya son lissafin kwamfuta kawai, yana so ya ji daga bakin manomi cewa saƙon ya amfane shi. In na koma hannu biyu, damina mai zuwa wayoyin za su yi shiru.

Babana ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, sai ya haɗa ni da Kawu, yayan mahaifiyata, tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya amma muryarsa ba ta yi ba. Kawu na ƙaunata ƙwarai, aikina ne ba ya ƙauna.

Da can ana tashi da asuba a wannan hanya. Yanzu sai rana ta fito sosai, motoci sun taru, sannan a ɗauki hanya a jere. Kuɗin mota ya ninka abin da na sani bara, direba ya ɗora laifin a kan fetur, fasinjoji suka ɗora a kan direba. Gefen hanya dawa ta sunkuyar da kai, gero an riga an yanke, ana ta ɗaurin dammuna. Duk ramin da motar ta faɗa sai Kawu ya juyo daga kujerar gaba.

"Malama, tauraron naku ya ga wanga ramin?"

"Yana gani, Kawu."

"To madalla. Yana gani, muna faɗawa."

Hujjarsa ɗaya ce, kuma ba ta banza ba ce. Ya ce kuɗin jama'a ne, asibiti babu magani, azuzuwa babu rufi, sai a kwasa a ba 'yan kasuwa su yi wasa da taurari, gobe in sun yi arziki ko gaisuwa ba za su aiko ba. Ina da amsa. Babu ɗan kasuwar da zai ɓata shekaru da kuɗinsa yana koyon halin gulbin Gagare saboda manoman da ba za su iya biyansa ba, in ba an ɗauke masa nauyin binciken farko ba. Na tsara wannan amsa a raina har da misalai, amma a raina na bar ta.

A Badarawa muka fara sauka. Mun tarar da manoma a inuwar wata tsamiya suna gyaran buhunan dankali. Suka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa a kwanon sha, aka kawo hoce, wato gurasar dawa, da ƙuli mai yaji. Kawu ya ga na kasa buɗe baki, sai ya karɓi aikin. Ya miƙe kamar yana gaban ɗalibai ranar Litinin.

"Jama'a, wa ke samun saƙon tauraro a wayarsa nan garin?"

Kowa ya duƙufa kan buhunsa. Wani dattijo ya ce su dai alhamdu lillahi, damina ta yi kyau. Wani ya ce wayarsa ta faɗa rijiya tun bara, alhali ina ganin shatinta a aljihun gabansa. Muka ci hocensu, muka yi godiya, muka tashi ba ko kalma ɗaya a na'urata.

Shinkafi muka kwana, gidan Gwaggo, ƙanwar babana. Washegari Alhamis, ranar kasuwa, garin ya cika tun hantsi: albasa tsibi-tsibi, raƙuma a gefe suna kallon mutane da raini, 'yan Nijar na ciniki rabi da Hausa rabi da lissafinsu na sefa. Na sayi soyayyen kifi da ban taɓa cin mai daɗinsa ba, mai kifin ya ƙara mini kai ɗaya don ya ce na yi kama da marar lafiya. Mun tambayi masu shinkafa, mun tambayi masu dankali. Amsar Badarawa muka sake samu, da murmushi da addu'a.

Gwaggo ce ta warware mini da yamma, muna tsince shinkafa.

"Ke ɗiyar nan, karatu ya yi miki yawa. A wanga zamani wa zai tsaya gaban baƙo ya ce lambar da bai sani ba tana kiransa tana ba shi labari? Gobe a ce infoman 'yan bindiga ne. Ko ni kika tambaya a kasuwa, ban san ki ba."

Na san ana sauraron saƙonnin, kwamfutar ofis tana nuna haka, har ƙarshe ake ji. Amma wanda ke ji ba zai ce yana ji ba, kwamiti kuma baki yake so. Kawu ya ga na ƙi cin tuwo, ya daina tsokanata, har ya ce a dama mini fura.

Ranar Juma'a muka juyo muka nufi Zurmi. Hanyar ta fi shiru, shingayen jami'an tsaro sun fi yawa, direba ya kashe rediyo ba wanda ya ce masa ya kashe. Wani tsohon ɗalibin Kawu, malamin makaranta a can, ya tarbe mu ya kai mu wata unguwa a bakin gulbin Bunsuru. Maza suka karɓe mu da mutunci, suka ba mu amsar da muka saba. Da lokacin masallaci ya yi, suka tafi da Kawu, ni kuma aka ce in shiga cikin gida in yi salla wajen mata.

Nan ne babu Kawu da zai yi magana a madadina. Na tsaya a bakin zaure na yi sallama, na shiga, na durƙusa gaban wata tsohuwa da ke sheƙar shinkafa a faifai. Gaisuwar manya ba a gajarta ta, dole na bi ta daki-daki: ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya aka ji da ruwan bana. Ban kai ƙarshe ba ta ajiye faifan.

"Sake faɗi."

"Na'am, Inna?"

"Ce 'jama'ar bakin gulbi, assalamu alaikum'."

Na ji kunya ta rufe ni tun daga tafin ƙafa. Abin da ban faɗa muku ba shi ne, saƙonnin nan ni nake karanta su. A ofis an rasa mai Hausar Zamfara sai ni, kuma magana da na'ura a ɗaki a rufe ba ta ba ni tsoro. Na faɗa a hankali, kaina a ƙasa.

Tsohuwar ta tafa hannu. "Wallahi ita ce! Ku fito, ga mai faɗin ruwa ta zo da ƙafarta!"

Kafin in ɗago, tsakar gidan ta cika. Wata ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabta. Surukar tsohuwar ta shiga ɗaki ta buɗe wata kwalla a cikin jeren kwanoninta, ta ciro ƙaramar waya naɗe a ƙyalle, ta kunna. Sai ga muryata tana cewa ruwa ya taru a sama, a janye amfanin gona da dabbobi daga bakin gulbi. Mata suna bin kalmomin tare da ni kamar karatun allo.

"Mu mun ɗauka wata ƙatuwar hajiya ce mai gilashi," in ji surukar. "Ashe 'yar tsirit ce. Ana ba ki abinci kuwa a wurin tauraron?"

Aka kawo fura da nono, aka kawo ɗanwake, aka tsare ni sai na ci. Ina ci suna ba ni labari, kowa na katse kowa. Wayar a hannun mata take zama, don maza ba sa son a ji ta yi ƙara a aljihunsu a bainar jama'a. In saƙo ya shigo, matar gida ta gaya wa maigida lokacin cin abinci, ta kuma tura wa maƙwabta ta kan katanga. Shi kuma maigida ya fita majalisa ya dubi sama ya ce jikinsa na ba shi ruwa na tafe.

"Bana kowane namiji a unguwar nan ya zama masanin gulbi," in ji tsohuwar. Dariya ta hana wata tsayuwa.

Sun ce a watan da ruwa ya yi yawa, saƙon ya riga ambaliya isowa, suka kwashe masarar da aka tara a fadama, suka hau da awaki tudu, suka hana yara zuwa wanki. Ba su ɓoye mini ɗaya gefen ba. Akwai ranar da na ce ruwa na zuwa, suka wuni suna jido, ruwa bai zo ba.

"Ranar kin sha zagi, ɗiyata," in ji tsohuwar. "Amma mun yafe miki."

Na ce musu wannan kuskuren shi ne dalilin da binciken bai ƙare ba, har yanzu ana koyon gulbin. Ban san lokacin da na yi magana mai tsawo haka ba. Na roƙi izinin ɗaukar muryarsu ba suna ba hoto, suka yarda, tsohuwar ta ce ai su sun daɗe da tawa, yanzu an yi daidai.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, don a shiga Kaura da sauran rana. A mota na sa wa Kawu abin da na ɗauka a kunne. Ya saurara har ƙarshe. Da muka faɗa wani rami ya ce shi dai har yanzu yana jiran a gyara hanya, kuma bai janye maganar asibiti ba. Muna shiga gari, daidai tsohuwar tashar jirgin ƙasa, ya miƙo mini wayarsa ba tare da ya juyo ba.

"Sa lambata a cikin abin naku. Ina da 'yar gona a Ɗan Isa."

Na iso gida da ƙura a gyale da ƙullin shinkafar da matan suka tilasta mini. Tafiyar ta koya mini cewa a garuruwanmu ba a tsakiyar kasuwa ake tambayar abin da ke ajiye cikin kwalla ba, kuma da abokin aikina ya zo, da a zaure za mu tsaya mu juyo. Na miƙa rahotona, kwamiti bai zauna ba tukuna. A ƙarshensa ban sa hujjar da na tsara wa Kawu ba. Na sa abin da tsohuwar ta faɗa lokacin da ta rako ni bakin zaure, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko ya dace a ci gaba da ba kamfanin kuɗi. Ta tambaye ni kuɗin wa, na ce na gwamnati.

"To namu ne ke nan," ta ce. "A ci gaba da ba su. Kuɗin gwamnati da yawa sun wuce ta kanmu ba mu ji ko motsinsu ba, wanga kuwa har sallama yake yi. Amma ki gaya wa masu kamfanin, da kuɗinmu anka koya musu gulbinmu. Kada wata rana su ce sai mun biya za mu ji ruwa na tafe."