Rumbun da ke Cikin Kaza

A Karare na tashi, a hannun kakata ta wajen uwa, Kaka Tambai. Yaye aka kai ni wurinta daga Tsaskiya, inda innata take aure, da lokacin komawa ya yi sai tsohuwa ta ce ita ba ta san zancen ba. Haka na zauna. Gidan Kawu Sale ne, ƙanen innata, amma kowa ya san muryar wa ake ji a tsakar gidan.

Zamanin Turawa ne, gyaɗa tana tashe. In an gama cira an shanya, sanyi ya shigo, to bayan isha'i sai a hura wutar kara a ƙofar ɗakin Kaka, a zube mana gyaɗa a tabarma mu yi ta ɓara. Ladan aikinmu tatsuniya. Ni kuwa ba na zama ko'ina sai a kan cinyarta, kullum kuma sai ta yi mita.

"Ke Delu, ɗaga mani ƙafa! Ni na ɗauki cikinki? Tafi Tsaskiya ki danne wadda ta ɗauke ki."

Tana faɗa tana ja min zane don kada sanyi ya kama ni.

Ina da kaza guda da Kaka ta ba ni tun tana 'yar tsako. Wake nake ce mata saboda zanen jikinta, kuma wallahi ina son kazar nan kamar mutum. Matsalarta ɗaya: sa'o'inta duk sun fara ƙwai, ita ko sai kiwo da birgima a toka. Rannan da la'asar ɗan aiken mai unguwa ya yi sallama, ya ce Bature zai sauka a barikin Batsari rangadi, an yanka wa gidanmu kaza ɗaya, gobe da safe za a zo karɓa. Kawu ko tunani bai yi ba.

"A ba su ta Delu," in ji shi. "Juya ce. Tun da ta zo gidan nan ba abin da ta ajiye mana sai kashi."

Na yi kuka har da shessheƙa. Na duba Kaka, ta ci gaba da kaɗin audugarta kamar ba ta ji ba. Ranar na ji haushinta ƙwarai, na rantse ba zan hau cinyarta ba. Da aka hura wuta, ai sai ga ni a kai.

Kawu yana zaune can gefe a gindin rumbu yana tufkar igiya. Kaka ta yi gyaran murya, ta ɗaga ta fiye da yadda ta saba.

"Ga ta nan tafe da ƙafarta."

Muka ce, "A shimfiɗa mata tabarma!"

Ta ce wai an yi wani manomi mai gajen haƙuri, ya shuka kabewa a bakin gona, gyaɗa a tsakiya. Damina ta yi kyau, duk suka yi fure. Kabewa 'yar nuna kai ce. Furenta na mace yana fitowa da ɗan kumburi a gindinsa, kamar mai goyo. Furen ya bushe ya faɗi, kumburin ya yi ta girma, kowa ya wuce yana sa albarka. Gyaɗa kuwa ta yi 'yan furanninta rawaya da safe, kafin yamma sun yanƙwane. Manomi ya zo ya duba sama, ya ɗaga ganye, bai ga komai ba. Ya dawo ya sake dubawa, babu. Sai ya ɗauko fartanya. A nan Kaka ta siranta murya ta rera kukan gyaɗa:

"Manomi dakata, dakata,
furena ya mutu ya bar mani ajiya,
na miƙa ta ƙasa ta yi barci,
in ka tona ka tona yunwa."

Manomi ya ce shi ba ya jin waƙar raggwaye. Ya kai sara, ya fizgo gindi ɗaya, ya fizgo na biyu, bai waiwaya ba sai da ya tuge gonar kaf. Da ya sunkuya, sai ya ga daga gurbin kowane fure wani ɗan tsinke ya sauka ya shige ƙasa, a bakin kowane tsinke kuma ga 'yar gyaɗa fara, ruwa-ruwa, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya zauna a kan kunyar gona ya ɗora hannu a ka. Shekarar nan kabewa ya ci har ta gundure shi.

"Na ɗaure bakin buhuna a nan," in ji Kaka. Sai ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta fasa, ta nuna mana a hasken wuta. "Kun ga ɓawon ga? Shi ne ɗan ɗakin da ke gindin fure. Kuɓewar miyarku ma haka take, ɗaki ne, 'ya'ya na ciki. Kaza ma da nata, sai dai ita a ciki ta ɓoye shi. Wa ya taɓa tsayawa ana gyaran kaza?"

Duk mun taɓa. Mun san 'yan ƙwayayen nan da ake samu a manne da bayanta, cunkus wuri ɗaya, wani kamar gero, wani kamar dawa, wani ya kusa gwaiduwa. Har faɗa muke yi a kansu in an dafa.

"To rumbunta ke nan. Ɗaya-ɗaya take ɗiba. Wata tana buɗe nata da wuri, wata sai ta ga dama."

Kawu ya ajiye igiyarsa. "Iya, wai tatsuniyar nan ta yara ce ko tawa?"

"Ka ji na kira sunanka? Ni dai na taɓa kazar ɗazu, ƙashin bayanta ya fara buɗewa, tukkunta ya yi ja. Amma gidanka ne. Sai dai kukun Bature ya sha gwaiduwa."

Kawu ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka. Da safe da ɗan aike ya zo, ina laɓe bayan danga rungume da Wake, na ga Kawu ya miƙa masa tsohon zakaransa ɗaure da igiyar da ya tufka jiya. Farin cikin da na yi ranar, har yau ina jin ɗanɗanonsa. Ba a daɗe ba Wake ta yi ƙwanta na fari, kuma duk faɗin gidan nan ba ta ga wurin yi ba sai cikin hular Kawu da ya manta a gindin rumbu. Kaka ta yi dariya har da hawaye. Zakaran maƙwabta ne ya riƙa tsallako mana danga, ta haka muka samu 'yan tsaki, zuriyar Wake ta cika gidan.

Shekaru na ɗauka ina ganin darasin haƙuri ne kawai: kada ka yanke wa abu hukunci don ba ka ga cikinsa ba. Na riƙe shi, ya yi min amfani. Amma ashe da saura.

Bara jikata Hauwa, ɗiyar 'yata, wadda ke koyon aikin ungozoma a Katsina, ta zo hutu ta tarar ina gyaran kaza. Na nuna mata 'yan ƙwayayen, na ba ta labarin Wake. Ta ce ai mu ma mata muna da irin rumbun, guda biyu, dama da hagu na mahaifa, kowanne bai wuce girman dabino ba, daga nan ƙwan da ke zama ɗa yake fitowa. Sai ta ƙara da abin da ya sa na ajiye wuƙa. Ta ce ƙwayayen mace duka ana halittarsu ne tun tana cikin uwarta, da su ake haihuwarta.

Na ce, "Tsaya, Hauwa. Wato lokacin da innata take cikin Kaka, ƙwan da ya zama ni yana cikin innata?"

"Haka ne, Kaka."

Na kalli hannuna. Kaka Tambai ta daɗe a ƙasa, Allah ya jiƙanta, amma a take na ji ƙamshin hayaƙin kara da muryarta tana korata daga cinyarta. Hawaye suka zubo min, ina kuma dariya. Duk shekarun nan tana tambayata ko ita ta ɗauki cikina, ban taɓa samun amsa ba sai ranar.

Kin ɗauka, Kaka. Wallahi kin ɗauka.