Kuku da masu cin dafaffe

Kuku bai taɓa dafa ko ruwan shayi ba, matarsa shaida ce. Sunan a shagonsa na gyaran kwamfuta ya same shi, wani ɗan tsukukun ɗaki ƙarƙashin matakalar bene, inda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace.

Akwai tsarin kwamfuta na kyauta, ba na wani kamfani ba, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara. Shi Kuku yake sa wa mutane. Manhajojin tsarin, in ji shi, iri biyu ne: ɗanye da dafaffe. Ɗanyen shi ne rubutun da masu manhajar suka yi, sai kwamfutarka ta harhaɗa shi da kanta. In tsohuwa ce ta yi ta nishi kwana da kwanaki, wani lokaci ta mace a hanya. Dafaffen kuwa wani ya riga ya harhaɗa, kai dai ka sauke ka danna.

Da masu kula da tsarin suka ce ba su da hannun da zai ci gaba da fitar da dafaffe don tsofaffin kwamfutoci, Kuku ya dubi masu zuwa wurinsa, ya ga babu mai sabuwa. Sai ya tsinci sassa daga matattun kwamfutoci, ya haɗa inji ɗaya mai ƙarfi, ya ɗora shi a kan bulo, ya juya masa fankar tebur, shi kuwa ya zauna cikin gumi. Duk manhajar da aka sabunta ya sauko da ɗanyenta, ya harhaɗa, in ta ƙi ya bi ta layi layi har ta yarda, ya gwada a wata tsohuwa mai tsagaggen allo, sannan ya ɗora a intanet kowa ya ɗiba. Bai taɓa cewa a ba shi komai ba.

Aka yi shekaru ana ci. Abin da ke shigowa wayarsa kuwa, Allah ya sawwaƙe. "Yau ma ba ta fito ba?" "Wannan ai wasa da hankalin mutane ne." Shi sai ya yi dariya ya ce mai jin yunwa ba a kama shi da laifin baki. Haka Allah ya yi shi, ga sanyin hali, ga kunyar cewa a'a.

Da ciwon ƙoda ya kama shi, abu ɗaya ya tsaya masa a rai: ya sami wanda zai koya wa aikin tun yana iya zama a kujera. Ya san in aka daina sabuntawa, shafuka za su riƙa ƙin buɗewa ɗaya bayan ɗaya, kwamfutocin mutane su koma tarkace. Ya aika wa kowa ya zo shago. Ya aro benci, ya sayo lemo. Waɗanda suka zo, yawancinsu da kwamfutar gyara a hammata suka zo.

Cikinsu har da Manaja, mai wata makarantar koyon kwamfuta wadda duk injinanta da girkin Kuku suke tashi.

"Ranka ya daɗe, ka ba ni ɗaya daga cikin malamanka," in ji Kuku. "Aikin ba wuya, haƙuri kawai yake so."

"Haba Kuku, kai da za ka binne mu duka? Wa ke da hannunka?"

"Ba yabo nake nema ba, mutum nake nema."

"Za mu duba," Manaja ya ce. Ya shanye lemonsa, ya ɗauki wani ya ce na direba ne.

Duban da ba a yi ba ke nan har aka kwantar da Kuku a asibiti. Can ma Manaja ya bi shi, ba ko ayaba a hannunsa, sai kwamfutar tafi-da-gidanka. Wai ɗalibai na da jarrabawa, manhajar shiga intanet ta tsufa.

Matar Kuku ta miƙe. "Malam, ba ka ga allura a hannunsa ba?"

"Maman yara, bar shi," Kuku ya ce. "Ɗaliban ba su yi laifi ba."

Ya sa aka tokare masa baya da matashi, ya karɓi kwamfutar Manaja, ya shiga injin shago ta intanet daga nan kan gado, yana dannawa da hannu ɗaya. Manaja na zaune a kujerar majinyata yana amsa waya, har yana cewa a rage surutu. Wannan shi ne dafaffe na ƙarshe da Kuku ya fitar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Ba a gama karɓar gaisuwa ba Manaja ya dawo, ya ce a ba shi injin ya ajiye a makaranta don tunawa da marigayi. Matar ta dube shi har ya sunkuyar da kai, sannan ta miƙa masa makullin shago. Aka kinkimi injin aka kai ofishinsa mai sanyi, aka jona, aka zauna jira. A tunaninsa injin ne ke yin aikin, Kuku gadi kawai yake yi. Injin ya yi ta gurnani, ba abin da ya fito.

Yanzu an sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe kwamfutocin makarantar, an loda su a kura kamar itace. Manaja kuwa yana bi yana gaya wa mutane wai Kuku mugu ne, ya tafi kabari da sirrinsa.

Da maganar ta kai kunnen matar Kuku, tana tsaka da ninke rigunan mijinta. Ba ta ko ɗaga kai ba.

"Ku ce masa ya zo ya faɗa a gabana," ta ce.

Bai zo ba.