Ruwan da Na Ƙi Sha a Ƙasar Benin

Litinin, daga Aliero zuwa iyaka

Ƙarfe biyar da rabi, ana sallame asuba, munka bar Aliero ni da Malama Rabi, mai riƙe da takardun ƙungiyarmu ta mata manoma. Aikin sa-kai ne na mako biyu. Wasu mata ne a wani ƙauye bayan Segbana, cikin ƙasar Benin, albasarsu ke ruɓewa kafin ta yi daraja, anka ce a tura masu wadda ta san ajiya. Ban yi boko ba, amma shekara arba'in da albasa nake kwana nake tashi.

A tashar Jega munka canza mota. Direba ya ce, "Inna, dawo gaba, baya akwai girgiza."

Na ce, "Kai dai riƙe sitiyari da hannu biyu, na ga ɗayan yana kan waya."

Bakwai da kwata muna Maiyama. Rabi ta sayi ƙosai ta miƙo mini, na ce na ƙoshi. Azumin Litinin nake yi, kuma ban saba shelanta shi ba. Munka wuce Koko, munka haye gadar Tuga, azahar ta same mu a Tsamiya. Ma'aikatan iyaka sunka duba takardu, na dangwala yatsa, munka hau babura biyu. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce cikin jar ƙasa.

Bayan la'asar munka isa. Mata sun kai ashirin ƙarƙashin mangwaro. Shugabarsu Bona, dattijuwa sa'ata mai jin Hausar kasuwa, ta durƙusa ta miƙo mini ƙwarya cike da ruwa. Na ɗaga hannu na kau da kai. Ta ɗan jima a durƙushe, sannan ta ba Rabi. Rabi ta sha.

Talata da Laraba

Masaukinmu ɗaki ne a gidan Bona. Abincinsu sakwara ce safe da yamma, da cukun Fulani a cikin miya. Na ci, ko da yake cikina tuwon gero ya sani. Gaisuwarsu doguwa ce, a tsugune ake yin ta, har gwiwa ta yi ƙara.

Na leƙa ɗakin ajiyarsu, wari ya tare ni tun daga ƙofa. Sun yanke lawashi tun yana ɗanye, sun jibge albasar a ƙasa ƙarƙashin rufin kwano. Na ce a tara matan da hantsi mu fitar da ita, don in ta ƙara kwana biyar haka, sai dai a kai juji. Hantsi ya yi, ba wadda ta zo. Laraba ma haka. Ina zaune ina kallonsu suna wucewa rijiya, kowace ta gai da Rabi, ni kuwa ko kallo.

Na ce wa Rabi, "Raggaye ne."

Ta ce, "Gwaggo, raggo ba ya ɗaukar tulu biyu."

Da yamma na sami Bona tana ɓare gyaɗa. Na ce, "'Yar'uwa, mi na yi wa matanku?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin ƙi ruwanmu. A nan, baƙon da ya ƙi ruwan gida ya ce gidan ƙazami ne. Mai ƙyamar ƙwaryarmu ba za ta taɓa albasarmu ba."

"Azumi nake yi ranar."

"To bakin ma azumin magana yake yi? Da kin faɗa, da mun ajiye miki ƙwaryar har magariba."

Na tsufa ina gyara wa mutane zama, yau ga ni ana gyara mini. Na ja tabarma na taya ta ɓarar gyaɗa.

Alhamis

Ranar azumina ce, ban ɗauka ba. Ƙarfe bakwai Bona ta shige gaba, ina biye. Duk gidan da munka shiga sai in tsuguna in ce, "Baƙuwa tana jin ƙishirwa." Gidan farko matar ta tsaya tana dubana, sannan ta ɗebo. Na shanye tas. Da munka kai gida na tara, cikina ya zama tulu, Bona ta ce, "Kurɓa ɗaya ta isa, Hajiya, ba rijiyar za ki ƙafar ba." Matan sunka yi ta dariya. Ban yi ba, amma ban hana su ba.

Kafin azahar duk sun taru. Munka fitar da albasar, munka ware ruɓaɓɓa, kusan kashi ɗaya cikin uku ta tafi. Wannan asarar har da hannuna a ciki, na kuma faɗa masu haka. Sauran munka shanya a inuwa.

Sauran kwanaki

Munka kafa gadon kara bisa sanduna, tsayin gwiwa daga ƙasa, munka yi masa rufin ciyawa yadda iska za ta ratsa. Na nuna masu a bar albasa da lawashinta sai wuyanta ya bushe, a kuma riƙa juya ta duk mako ana tsame mai laushi. Rumbu huɗu munka gama. Litinin ta zagayo, wata ta kawo mini ruwa, na ce, "Ina azumi." Ta kife faifai a kan ƙwaryar ta ajiye mini.

Komawa gida

Ranar Lahadi ƙarfe shida munka taso. Bona ta ɗaura mini ƙwaryar nan a bakin zane. Tsamiya da hantsi, Maiyama da la'asar, Jega ana kiran magariba, isha'i a ɗakina. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, da Rabi mai haƙuri da halina, da matan da sunka karɓe ni bayan na ɓata.

Da safe maƙwabciyata Hajo ta shigo yi mini sannu da hanya. Na ɗebo ruwa a ƙwaryar na miƙa mata. Ta ce ba ta jin ƙishirwa.

Na ce, "Kurɓi dai, ko ki faɗi dalili."